Ɗalibi ya ƙure ni a gaban aji, na huce a kansa

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin Fiziks ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a jihar Jigawa, shekarata biyu da kama aiki. Ajin SS1 da nake ɗauka yara 84 ne, ɗakin gwaje-gwajenmu kuwa in ban da ƙura da karyayyun kujeru babu komai a ciki. Makon jiya na shiga darasin gudun abu idan an kwatanta shi da wani abin da shi ma tafiya yake. Na rubuta musu ƙa'idar yadda aka koya mini: in motoci biyu sun nufi waje ɗaya a debe, in suna fuskantar juna a tara. Na kawo misalin motoci biyu da suka jera, kowacce tana gudun kilomita 80 a awa, na ce gudun ɗaya a kan ɗaya sifili ne. Sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in gudunta sifili ne, me ya sa manta yake ƙarewa, kuma ta yaya take isa Dutse?" Aji ya kwashe da dariya. Na rasa ta cewa. Na ɗauka so yake ya kunyata ni, sai na sa shi durƙuso a rana har aka tashi. Tun daga ranar bai ƙara buɗe baki ba, sauran ma sun yi gum. Gwajin da na yi musu ranar Alhamis, mutum 11 ne suka samu rabin maki. Gaskiyar magana, ni ma haddace abin na yi na ci jarrabawa. Na nemi in fita da su fili ko za su fi ganewa, shugaban makaranta ya ce ba a kawo shi nan don ya ga ana wasa da yara ba. Har na fara tunanin ko koyarwa ba sana'ata ba ce. Ina mafita?

Malamin Fiziks, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar barin aiki ka jingine ta tukuna. Wanda koyarwa ba sana'arsa ba ce ba ya kwana yana juyi a kan yaron da ya sa durƙuso, barcinsa yake sha har da munshari.

Amma ba zan rufe ka ba, ɗana, ka zalunci yaron nan. Rashin amsa ba laifi ba ne, babu malamin da ba a taɓa ƙure shi ba, ni kaina an ƙure ni ya fi a ƙirga. Laifin shi ne hucewar da ka yi a kansa, domin a cikin yara 84 shi kaɗai ne ya saurare ka da gaske har ya ji maganarka ba ta zauna ba. Za mu dawo kansa. Bari mu fara da amsar da ta maƙale maka, don in ba ka riƙe ta ba, ko an ba ka filin ƙwallo guda babu abin da za ka nuna a cikinsa.

Motar tana gudun 80, kuma gudunta sifili ne, duka biyun gaskiya ne. Abin da ya ɓace a allonka tambaya ɗaya ce: a idon wa? A idon mai sayar da rake da ke tsaye a bakin titi, 80 take yi. A idon direban motar da suka jera tare, ba ta gaba ba ta baya, in ya ga dama ya miƙa wa direbanta goro ta taga. Mai kuwa yana ƙarewa ne saboda da kwalta da iska injin yake kokawa, ba da ɗaya motar ba. Dutse kuma a ƙasa aka kafa ta, ba a bayan waccan motar aka ɗaure ta ba, don haka gudun da zai kai ka Dutse shi ne wanda aka auna daga ƙasa. Shi ke nan amsar. Da ka faɗe ta a ranar, da minti biyu ya ishe ka.

Ka taɓa zama a mota a tasha ana jiran ta cika, sai ka ji ta fara gaba har ka dafe kujerar da ke gabanka, ashe ta kusa da ku ce take ja da baya? Idonka bai yi ƙarya ba. Tazarar da ke tsakaninku ta canza, shi kuma abin da ya gani ke nan. Sai da ka waiwaya ka ga rumfar 'yan kamasho tana nan inda take, sannan ka yanke hukuncin wane ne ya motsa. Kowane gudu da aka taɓa aunawa a duniya haka yake, da wani abu aka kwatanta shi. Mun saba kwatantawa da ƙasa ne kawai har muka manta kwatance muke yi. Ita ƙasar ma ba a tsaye take ba. A daidai inda Kano da Dutse suke, wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, juyawar duniya tana tafiya da mu gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, ga kuma kewaya rana da take yi da kusan kilomita 30 a kowace daƙiƙa. Sai dai kada ka buɗe wannan babin ranar farko, in ba haka ba muhawarar ko duniya tana juyawa za ta cinye maka darasin gaba ɗaya. Na gwada, na ga yadda ta kaya.

Abin da ya sa ba na son ƙa'idar nan ta "a debe, a tara" shi ne tana ɓoye mai kallo. Yaro zai riƙe ta kamar lambar waya, in aka juya masa tambaya kaɗan sai ya kira lambar da ba ita ba. Alhali Hausar da suke yi a gida ta riga ta ba su kalmar da ake bukata: rata. Duk yaron da ya taɓa tsere ya san "ya ba shi rata", ya san "yana cim masa", ya san "sun jera". Darasin nan, muddin a kan layi ɗaya ake tafiya, bai wuce tambayar nan ba: a kowace daƙiƙa, nawa ratar take ƙaruwa ko take raguwa? Da wannan za ka fara, da Hausa, ba kunya. Turancin zai zo daga baya ya tarar da wurin zama.

Ga yadda nake yi. Ka nemi toka wurin mai ƙosan bakin makaranta, ka ari tef ɗin awo wurin tela. Ka ja layi biyu a ƙasa, kusa da juna, daga yamma zuwa gabas, ka yanka kowanne gida-gida kamar na dara, rabin mita kowane gida, gida 24. Mita 12 ke nan, ko barandar aji ta isa. Agogo kuwa jarka ce da sanda: yaro ɗaya yana bugawa a hankali, bugu ɗaya daƙiƙa ɗaya, ko da bai cika daidai ba babu damuwa, in dai bugun bai canza ba. Na fi son jarka a kan agogon waya saboda kowa yana jin lokacin da kunnensa, ba mutum ɗaya ne yake gani ya faɗa wa sauran ba.

Zagayen farko shi ne tambayar yaronka. Yara biyu su tsaya a farkon layi kafaɗa da kafaɗa, su riƙe karan dawa ɗaya a tsakaninsu, kowane bugu kowa ya taka gida ɗaya. Bayan bugu goma a tsaya. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu, "Abokinka ya wuce ka?" A'a. "Ka bar shi a baya?" A'a. "Karan ya karkace?" A'a. "To a idonka gida nawa ya matsa?" Zai yi ɗan shiru, ya ce babu. Ka juya wurin 'yan kallo, "Ku fa?" Za su ce goma. Kada ka yi bayani a nan. Ka bar su da amsa biyu a hannu su yi ta gardama na minti ɗaya, sannan ka tambaye su wa ya yi ƙarya.

Zagaye na biyu, a ajiye kara. Ɗaya mai nawa ne, gida ɗaya kowane bugu. Ɗaya mai sauri, gida biyu. Mai nawa ya fara daga gida na shida, mai sauri daga farko, duka su nufi gabas. Kafin a buga jarka, kowa ya rubuta a takardarsa a bugu na nawa yake jin za a cim ma mai nawa. Wannan rubutun kada ka tsallake shi ko sau ɗaya, domin yaron da ya sa hannu a kan amsa ido yake zubawa ya ga ko zai ci, wanda bai rubuta komai ba kuwa kallon biki ya zo. Da yawa za su ce uku, wai shida a raba biyu, sun manta shi ma mai nawa ba jira yake ba. A buga, a tsaya bayan kowane bugu a ƙirga ratar da babbar murya: shida, biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya, babu. Bugu shida, gida ɗaya-ɗaya. Na uku, su fuskanci juna daga bakin layi zuwa bakin layi: 24, 21, 18, 15, har su yi kiciɓis a bugu na takwas. Uku-uku ratar take zubewa. Ba ka ce a debe ba, ba ka ce a tara ba, da ƙafarsu suka tako shi.

Sai ku koma aji da zafinsa, a nan ne za ka ba su ƙa'ida, guda ɗaya tak. Gabas a ba ta alamar tarawa, yamma alamar debewa; babu ɗan Bahaushen da bai san gabas ba. Gudun abu a idon mai kallo shi ne gudun abin, a debe gudun mai kallon. A zagaye na biyu, a idon mai nawa: 2 − 1 = 1. A na uku, mai nawa yamma ya nufa, gudunsa −1 ne, don haka 2 − (−1) = 3. Ka ga tarawar da kanta ta fito, ba wata doka ce ta daban ba. Ka juya kuma: a zagaye na biyu, a idon mai sauri, 1 − 2 = −1, wato gani yake mai nawa yana tahowa da baya-baya yana nufo shi. In sun yi musu, ka tambaye su me ya sa bishiyoyin bakin hanya suke gudu baya in suna cikin mota. Bishiya gudunta sifili ne, mota 80: 0 − 80 = −80. Tun suna goye a bayan iyayensu suke ganin wannan lissafin, yau ne kawai aka rubuta musu shi. Dalilin debewar kuwa shi ne duk mai kallo ɗaukar kansa yake a tsaye, sai ya cire tafiyarsa ya ɗora wa duk abin da ke kewaye da shi, a juye.

In kana da waya mai kyamara, ka ari ta biyu wurin wani malami. Ɗaya a hannun wanda ke tsaye a gefe, ɗaya a ƙirjin mai tafiya tana kallon abokin tafiyarsa. Hoton farko yara biyu ne suna wucewa. Na biyu fuskar yaro ce tsaye cak, bango da bishiya suna sulalewa a bayansa. Abu ɗaya aka ɗauka.

Akwai wani ɗan gwaji da ba ya cin ko minti goma, ni kuwa ya fi komai burge ni. Ka zana da'ira da toka kamar faɗin faranti. Ka ba yaro goruba, ya miƙa hannu gefe daidai kafaɗa, ya taho da sassarfa, ka ce ya saki gorubar, ba jifa ba, ta faɗa cikin da'irar. Kusan kowa sai ya zo daidai kanta yake saki, kuma kusan kowa sai ya zarce. Lissafinta ma mai daɗi ne: daga tsayin mita 1.25 rabin daƙiƙa take yi kafin ta taɓa ƙasa, in yaron yana tafiyar mita 2 a daƙiƙa, mita guda cur za ta wuce da'irar. Ka tambayi mai sakin ina ta faɗi, zai ce nan gefen ƙafata, tsaye ta sauka. 'Yan gefe za su rantse lanƙwasa ta yi. Wannan gardamar ta daɗe. A 1632 Galileyo na Italiya ya rubuta cewa in ka kulle kanka a ɗakin da ke cikin babban jirgin ruwa, da ƙudaje da malam-buɗe-littafi suna shawagi, da kifi a kwano, da kwalba tana ɗiga cikin wani mazubi, muddin jirgin yana tafiya sumul ba ƙari ba ragi ba kwana, babu abin da zai nuna maka ko tafiya yake ko tsaye. A 1640 wani Bafaranshe, Gasandi, ya sa aka saki dutse daga ƙololuwar sandar jirgi yana cikin gudu a tekun da ke gaban birnin Marsey, dutsen ya faɗo a gindin sandar, bai koma baya ba. Ka faɗa wa yaranka cewa manyan masana sun yi ta kai-komo a kan abin da suka warware da goruba. Suna son jin irin wannan.

Inda darasin yake yin tsauri shi ne in tafiyar ba a kan layi ɗaya take ba, wato tambayar kwalekwale da kogi, wadda masu shirya jarrabawa ba sa gajiya da ita. In ba ku kai babin kibiyoyi masu nuna girma da alƙibla ba, ka ajiye lissafin sai kun kai, amma ka nuna musu abin tun yanzu. Ka samo gora mai tsawon mita huɗu. Yara biyu su riƙe bakinta biyu, su ne ruwa, za su yi tafiya da ita a kwance, a hankali, mita uku. Na uku shi ne kwalekwale: yana dafe da gorar, yana binta daga wannan baki zuwa wancan, ya isa daidai lokacin da masu ɗauka suka tsaya. A hannunsa akwai leda mai huji cike da toka. Sau biyu ko uku za su yi kafin ƙafafu su daidaita, za a sha dariya, bar su. In an gama ka tambaye shi ya ya yi tafiya, zai ce miƙe, gora na bi. Ku duba ƙasa: layin toka a karkace yake. A auna shi da tef, zai yi kusa da mita biyar. Uku, huɗu, biyar, ka ga Fitagoras, mai ƙa'idar lissafin tsawon gefunan alwatika, ya fito daga cikin toka ba a kira shi ba.

Na taɓa ƙetare kogin Kwara a Yawuri, na ga matuƙin ya juya hancin kwalekwale sama da inda za mu sauka sosai. Da ƙuruciya da rawar kan sabon malami na ce masa ai ga can inda za mu. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Malam, ruwan ma tafiya yake." In akwai yaran da suka fito daga bakin kogin Haɗeja a ajinka, su za ka tambaya, sun fi ka sanin wannan, kuma ranar za su ji su ma mutane ne a ajin Fiziks. Dabarar matuƙin nan kuwa a kan benci ake nuna ta. A ɗora rula ɗaya, kowane bakinta a kan littafi guda, a zura takarda a ƙarƙashinta. Ɗaya ya danne rula, ɗaya ya ja takarda gefe a hankali, na uku ya bi jikin rula da fensir. Fensir ya tafi miƙe a idon benci, wato gaɓar kogi, amma zanen da ya bari a takarda, wato a kan ruwa, ya karkata wajen da ruwan yake fitowa. Ka lura gora da rula ba abu ɗaya suke nunawa ba. A gora, matuƙi ya nufi tsallake kai tsaye, ruwa ya gangara da shi. A rula, ya karkata hanci sama don ya sauka daidai. Ni kaina na yi shekaru ina cakuɗa su.

Ka ba su da lamba. Kogi mai faɗin mita 120, ruwa yana gudun mita 1.5 a daƙiƙa, matuƙi yana iya mita 2.5 a ruwan da ba ya gudu. In ya miƙe hanci tsallake, daƙiƙa 48 ya ƙetare, amma ruwa ya kai shi mita 72 ƙasa da mashaya. In ya karkata don ya sauka daidai, wani kaso na ƙarfinsa ya tafi wajen faɗa da ruwa, mita 2 a daƙiƙa ya rage masa na ƙetarawa, sai ya yi daƙiƙa 60. Hanya mafi sauri daban, hanya mafi gajarta daban, kuma a nan ne tarkon jarrabawa yake.

Lissafi ɗaya kuma nake roƙonka kada ka bari su bar ajinka ba su yi shi ba, ko da ba zai fito a WAEC ko NECO ba, domin a cikin 84 ɗin nan akwai direbobin gobe. Mota tana gudun 100, tana son wuce tirela mai gudun 80 a titin da ba tagwaye ba. A idon tirela gudun motar 20 ne kacal, wato kamar mita 5.6 a daƙiƙa. A ce tsawon tirela da na mota da 'yar tazarar gaba da baya sun kai mita 50. Daƙiƙa tara ke nan tana hannun da ba nata ba. A cikin daƙiƙa taran nan ta cinye mita 250 na kwalta, motar da ke tahowa da gudun 100 ita ma ta cinye 250. Rabin kilomita ake bukata fayau kafin a fita. Direba yana kallon tirela yana ganin ai ga kanta nan kusa, ya manta da tirela yake tafiyar 20, da mai tahowa kuwa 200 suke haɗuwa. Ka auna musu mita 50 a fili su gani, ka ce su ninka goma. A nan ne kuma za ka cusa musu raba kilomita a awa da 3.6 don a samu mita a daƙiƙa: 36 ta zama 10, 72 ta zama 20. Makin da ake zubarwa a wannan juyin kaɗai ba kaɗan ba ne.

Yanzu shugaban makarantarku. Kada ka ɗauke shi abokin gaba, wataƙila ya taɓa ganin irin abin da na yi. Ranar da na fara fita da aji, ban tsara komai ba sai zumuɗi. Kafin in gama jan layi, kashi ɗaya suna gindin mangwaro, kashi ɗaya sun tafi shan ruwa ba su dawo ba, biyu suna dambe a kan wa zai buga jarka, shugabanmu na lokacin yana tsaye a taga hannu a baya. Bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Abin da na koya shi ne a ja layi tun kafin yara su fito, kuma kada a bar ko yaro ɗaya hannu rabbana. Ka raba su kashi huɗu, 21 kowanne, kowane kashi da layinsa in fili ya isa, jarka ɗaya ga kowa. Masu tafiya suna canzawa kowane zagaye, sauran kowa da takarda mai jadawalin bugu da rata, kuma ka sanar da su za ka karɓa ka ba da maki. Ka rubuta duk wannan a littafin shirin darasinka, minti nawa a waje, minti nawa a ciki, ka kai wa shugaban sashenku ko mataimakin shugaba ya shige maka gaba. Kalmar wasa kada ta fito daga bakinka; firatikal ne, kuma shi ma ya san Fiziks tana da takardar firatikal a jarrabawar fita. Ka nemi minti 20 kawai, ka gayyace shi ya zo ya gani. In ya ƙi duk da haka, kada ka yi jayayya. Tsakanin allo da bencin farko akwai wurin gida goma sha biyu, alli ya maye gurbin toka, tafi ya maye gurbin jarka. In nan ma babu wuri, marfin kwalba biyu a kan takarda mai layi, kowane benci da nasa, kai kana ƙwanƙwasa tebur.

Kada kuma ka bar abin ya tsaya a nishaɗi. A ranar, kafin a tashi, ka kawo tsofaffin tambayoyin jarrabawa biyu ko uku da Turancinsu. Ka nuna musu kalmar da ke nuna da wa ake kwatantawa, su ja mata layi, su rubuta "mai kallo" a saman sunan da ya biyo bayanta, su zana kibiyar gabas a gefen takarda, sannan su taɓa lamba. Wanda ya fara lissafi bai nuna maka mai kallo ba, ka mayar masa da takardarsa ko da amsar daidai ce.

Irin yaron nan naka ba zai tsaya nan ba, don haka ga guzuri. In ya tambayi jirgin sama, a watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, saboda guguwa ta ƙarfafa iskar sama da ke tura shi ta baya. A idon ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, fiye da gudun sauti a nan ƙasa, amma a idon iskar da yake ciki gudunsa na kullum yake yi. Kwalekwale ne da ya bi ruwa. In kuma ya tambayi haske, ka gaya masa gaskiya: a nan ƙa'idarmu ta debewa take karyewa. Haske kusan kilomita 300,000 yake yi a daƙiƙa a idon kowa, mai binsa da mai guje masa, kuma a kan wannan shahararren masanin Fiziks Ainstain ya gina aikinsa na 1905. Ka ce masa sai ya je jami'a, kuma kana sa ran zai je.

To, shi yaron. A gaban aji ka hukunta shi, a gaban aji za ka gyara, ba a ofis a ɓoye ba. Ba sai ka yi doguwar huɗuba ba, kuma girmanka ba zai zube ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka shiga, ka kira sunansa, ka ce, "Tambayar da ka yi makon jiya tambaya ce mai kyau. Ni ne ban amsa ba, kuma bai kamata in hukunta ka ba. Yau za mu amsa ta." Za a yi tsit, wani zai yi 'yar dariya, kada ka kula. Ka miƙa masa karan dawar, shi ne zai fara takawa a zagayen farko. Wataƙila ya taka bai ce uffan ba, yaro ba ya hucewa rana ɗaya, kada ka matsa masa.

In kun koma aji, ka sake zana motocin nan biyu da garin a gabansu, ka tambaye shi a idon direba mene ne gudun Dutse. In ya ɗaga kai ya ce ai Dutse ce take tahowa da 80, ka ba shi allin ya zo ya rubuta da hannunsa.